Yadda Ake Tsara Taron Jama'a a Ƙaramar Hukuma

Ƙaramar hukuma ita ce matakin gwamnati da ya fi kusa da talaka, kuma tun daga gyaran da aka yi wa tsarin mulkin ƙananan hukumomi a shekarar 1976, wanda ya kawo ƙarshen mulkin En'e, har zuwa yau da Najeriya take da ƙananan hukumomi 774, babu watan da zai wuce ba a tara jama'a da sunan ɗaya daga cikinsu ba. Akwai rantsar da shugabanni da kansiloli, da ƙaddamar da rijiyar burtsatse ko asibitin sha-ka-tafi, da buɗe rigakafin shan inna, da musabaƙar karatun Alƙur'ani da ake farawa daga matakin ƙaramar hukuma kafin a kai jiha, da faretin Ranar Yara a 27 ga Mayu, da hawan sallar hakimi, sannan da rabon taki ko kayan tallafi, wanda shi ne ya fi duka wahalar gudanarwa. Abin da ya fi yawan ɓata waɗannan tarurruka shi ne yadda masu shiri suke ƙarar da ƙarfinsu da kuɗinsu a kan rumfar manyan baƙi, suna lissafin wa zai zauna kusa da wa, alhali ba a tanadi ƙofar da dubban mutane za su shiga su fita ba, balle ruwan da za su sha. Tsari mai kyau yana farawa ne daga ɓangaren jama'a, daga baya a komo kan kujerun manya.

Matakin farko da kwamitin shiri

Kafin a ɗauki alƙalami a rubuta wasiƙar gayyata, wajibi ne majalisar ƙaramar hukuma ta tantance abin da take son cimmawa da taron, ta rubuta shi a cikin jimla ɗaya ko biyu, domin wannan manufa ce za ta nuna yawan mutanen da ake buƙata da irin wurin da ya dace da su. Idan manufar ita ce jin ra'ayin jama'a kan kasafin kuɗin shekara mai zuwa, to wakilai 150 da aka zaɓo daga mazaɓu, da ƙungiyoyin manoma da na 'yan kasuwa da na mata, a cikin ɗakin taron sakatariya, sun fi amfani fiye da mutum 5,000 a fili waɗanda ba za a ji bakin ko ɗaya daga cikinsu ba. Akwai ma lokacin da amsar gaskiya ita ce ba a buƙatar taron gaba ɗaya, musamman idan kuɗin bikin ƙaddamarwa ya kusa kamo kuɗin aikin da za a ƙaddamar, domin da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Idan an tabbatar za a yi, sai a kafa kwamitin shirye-shirye, a ba shi takardar aiki mai ɗauke da iyakar ikonsa da ranar da zai miƙa rahoto. Galibi sakataren ƙaramar hukuma ko daraktan ma'aikata ne ya fi dacewa da shugabancinsa, saboda shi ne yake da iko a kan ma'aikatan sassa, sannan a haɗa shi da ma'aji, da shugaban sashen ayyuka wanda zai kula da fili da rumfuna da wuta, da shugaban sashen lafiya tare da duba-gari, da jami'in yaɗa labarai, da wakilin hakimi, da baturen 'yan sanda na yankin, da mace aƙalla ɗaya da ke da bakin magana a cikin matan yankin. Kwamitin da ya wuce mutum 12 ko 15 yakan zama taron tsintsiya ba shara, kowa yana jiran alawus ɗin zama, babu wanda za a kama da laifi idan abu ya lalace. Abin da ya fi muhimmanci shi ne kowane aiki ya kasance da sunan mutum guda a gabansa, sannan a ware mutum ɗaya a matsayin jami'in fili, wanda a ranar taro maganarsa ce ta ƙarshe a kan buɗe ƙofa ko rufe ta, da ci gaba da taro ko dakatar da shi, ko da kuwa shugaban ƙaramar hukuma yana tsakiyar jawabi.

Zaɓen rana yana buƙatar sanin gari fiye da sanin kalanda. Wanda ya sa taro ranar Juma'a a Wudil, ko Alhamis a Maigatari, ko Lahadi a Dambatta, ya haɗa taronsa da ranar kasuwa, don haka ko dai ya rasa jama'a, ko kuma ya sami cunkoson motoci da dabbobi a hanyar da baƙinsa za su bi. Daga Yuni zuwa Satumba manoma suna gona da safe kuma hadari yakan taso da yamma ya tuge rumfuna, a watannin Maris zuwa Mayu zafi a yawancin garuruwan Arewa yakan haura digiri 40, wanda ya sa duk taron fili ya kamata a kammala shi kafin rana ta take, a hunturu kuma ƙura da sanyin safiya suna hana tsofaffi da yara fitowa da wuri. Tunda kalandar Hijira tana matsowa da kimanin kwana 11 a kowace shekara, dole ne a duba inda azumi da sallah suka faɗo a bana maimakon a dogara da yadda aka yi bara, a kuma tsara jadawali yadda ba zai ci lokacin sallar azahar ko la'asar ba.

Kuɗi da sayayya

Kasafin taro yana bin hanyar da sauran kuɗin hukuma suke bi, wato kwamiti ya rubuta ƙiyasi dalla-dalla, majalisa ta amince a zamanta kuma a shigar a cikin rubutaccen bayanin zaman, mai binciken kuɗi na cikin gida ya duba bauca kafin ma'aji ya biya. Hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke a 11 ga Yuli 2024, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya, ya ƙara nauyin bayani a wuyan shugabanni da ma'aji, domin gwargwadon ikon mutum a kan kuɗi, gwargwadon tambayar da za a yi masa. Ya kamata a nemi farashi daga masu haya aƙalla uku a kan rumfuna da kujeru da lasifika, a rubuta yarjejeniya da ke nuna adadi da lokacin kawowa, a ba da kafin alƙalami, a riƙe cikon sai an ga kaya a fili an ƙirga su. A ware kimanin kashi 10 cikin 100 domin abin da ba a zata ba. Mai duba irin waɗannan ƙiyasai zai lura cewa abincin manyan baƙi da kyaututtuka da hular rabo sukan lashe kaso mafi tsoka, yayin da ruwan sha da shingen ƙarfe da man motar asibiti suke zuwa a ƙarshen takarda, inda ake fara yankewa idan kuɗi ya gaza, alhali su ne ya kamata a fara biya.

Fili, ƙofa da lissafin mutane

A nan ne aikin yake, kuma a nan ne aka fi yin sakaci. Turmutsitsi, wato matsatsin da mutane suke danne juna har numfashi ya gagara, ba ya buƙatar miliyoyin mutane, domin 'yan ɗaruruwa ma sun isa idan aka tilasta musu bi ta ƙofa ɗaya ƙarama a lokaci guda. A watan Disamba na 2024 yara 35 suka rasu a wani bikin yara da aka shirya a harabar wata makarantar sakandare a Ibadan, bayan an yi shelar za a raba kuɗi da abinci, kuma kwana uku bayan haka aka sake samun asarar rayuka a wajen rabon kayan abinci a Okija ta jihar Anambra da unguwar Maitama a Abuja. Ba ƙananan hukumomi ne suka shirya waɗannan tarurruka ba, amma abubuwan da suka haddasa su su ne dai waɗanda ake gani a ƙofar sakatariya ranar rabon tallafi: shela ga kowa da kowa, kaya ƙayyadaddu, jama'a sun yi sammako tun asuba sun taru a bakin rufaffiyar ƙofa, sannan a buɗe ta lokaci ɗaya.

Masana tsaron taro suna auna cunkoso da yawan mutanen da ke tsaye a kan murabba'in mita ɗaya, wato fili mai tsawon mita ɗaya da faɗin mita ɗaya. Mutum biyu a wannan fili suna da sararin motsi, mutum huɗu sun kai iyakar da ake yarda da ita ga masu tsayuwa, idan kuwa aka kai shida zuwa sama to mutum ba ya iya sarrafa jikinsa, taron ne yake tafiya da shi duk inda ya karkata. Ƙa'idar da ake amfani da ita a filayen wasanni na Ingila ta ƙiyasta cewa ƙofa mai faɗin mita ɗaya a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa tana fitar da mutum 82 a minti ɗaya, kuma ana son jama'a su iya ficewa cikin minti 8. Idan aka ɗauki filin makarantar firamare mai tsawon mita 100 da faɗin mita 60 a matsayin misali, girmansa murabba'in mita 6,000 ne, a cire kashi ɗaya cikin uku domin dandamali da rumfuna da hanyoyin wucewa, sai ya rage 4,000, wanda zai ɗauki mutum 8,000 a kan lissafin mutum biyu-biyu. Sai dai fitar da mutum 8,000 cikin minti 8 yana buƙatar ƙofofin da jimillar faɗinsu ta haura mita 12, alhali makarantar da take da get ɗaya mai faɗin mita 4 ba za ta fitar da fiye da mutum 2,600 da 'yan kai a wannan lokaci ba. Ma'anar wannan ita ce ƙofa ce take yanke yawan mutanen da za a shigar, ba girman fili ba, don haka ko dai a buɗe ƙarin mafita, ko a rage masu shiga, ko a koma filin da ba shi da katanga, kamar filin idi.

Daga wannan lissafi ne sauran ƙa'idojin fili suke fitowa. Ƙofar shiga daban, ta fita daban, kuma a raba ta mata da yara da ta maza, ba don al'ada kaɗai ba, har da cewa su ne suke fara faɗuwa idan aka matsa. Ba a sa kwaɗo a ƙofar fita muddin akwai mutane a ciki, ba a barin masu babura da masu tallar rake da fiya wata su kafa a bakinta, kuma a bar hanya ɗaya mai faɗin da mota za ta bi tun daga bakin titi har gindin dandamali, wadda ko motar babban baƙo ba za ta tsaya a kanta ba. A buɗe ƙofa da wuri, tun kafin jama'a su taru, domin layin mutum 50 da ke tafiya ya fi sauƙin riƙewa fiye da tarin mutum 2,000 da ke jira. A ɗora mutum biyu ko uku a wuri mai tudu, a kan mota ko benen aji, aikinsu kawai su duba inda kawuna suka fara haɗuwa suna kaɗawa gaba da baya kamar igiyar ruwa, su sanar da jami'in fili nan take. Bulala da dorina, waɗanda wasu masu tsaron ƙofa suke ɗauka su ne maganin cunkoso, ƙara shi suke yi, saboda na gaba yana ja da baya don gudun duka yayin da na baya, wanda bai san abin da ke faruwa ba, yake ci gaba da turowa.

Rabon kaya kuwa ba ya cikin abin da ya kamata a yi shi a taro ɗaya. Kowace ƙaramar hukuma tana da mazaɓu tsakanin 10 zuwa 20, kuma hanya mafi aminci ita ce a tantance masu amfana tun da wuri ta hannun dagatai da masu unguwanni da kwamitin mazaɓa, a liƙa sunaye a inda kowa zai gani domin a rage zargin son kai, a ba kowa kati mai lamba da ke nuna ranarsa da wurinsa da sa'arsa, sannan a kai kayan mazaɓa-mazaɓa a rana ɗaya, yadda mutanen wata mazaɓar ba za su kwararo wata ba. Idan shugabanni suna son bikin ƙaddamarwa saboda 'yan jarida, a yi shi da wakilai 20 ko 30 a sakatariya ba tare da an jibge buhuna a idon jama'a ba. Watsa kuɗi daga kan mota ko daga dandamali abu ne da kwamiti zai gaya wa kowane baƙo, komai girmansa, cewa ba a yarda da shi ba.

Tsaro, lafiya da masarauta

Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke hukunci a 2007 cewa ba a buƙatar izinin 'yan sanda kafin a yi taron lumana, amma wannan bai ɗauke wa mai shiri wajibcin sanar da su a rubuce da wuri ba, kuma ƙaramar hukuma ce ta fi kowa cancantar nuna misali. Mako biyu kafin taro a yi zama ɗaya da 'yan sanda, da sibil difens, da jami'an kiyaye haɗurra, da 'yan kwana-kwana, da Hisba a jihohin da take aiki, da 'yan sintiri, da 'yan agajin ƙungiyoyin addini, waɗanda sun saba da riƙe sahu a filin idi da wuraren tafsiri, a raba wa kowa wurin tsayuwarsa a kan zanen fili, a kuma amince da wanda zai ba da umarni, domin jami'ai masu kaki iri biyar da ba su san shugabansu ba su ma wani cunkoson ne. A kafa rumfar agajin gaggawa a gefen da motar asibiti za ta iya fita ba tare da ta ratsa jama'a ba, a sanar da babban asibiti mafi kusa ranar da sa'ar taron, a kuma tabbatar da cewa motar tana da mai kuma direbanta yana cikinta. Lissafin ruwa mai sauƙi ne, tunda jakar fiya wata tana ɗauke da ƙulli 20, kuma mutumin da zai yi sa'a uku a rana zai sha biyu ko uku, saboda haka taron mutum 3,000 yana buƙatar jaka 300 zuwa 450, a rarraba su wurare da yawa maimakon a tara su a kusurwa ɗaya. Duba-gari zai duba masu sayar da abinci da makewayi, musamman da damina lokacin da kwalara take yaɗuwa, a kuma ware wuri mai inuwa kusa da ƙofa domin tsofaffi, da kuma masu buƙata ta musamman waɗanda dokar hana nuna musu wariya da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba su haƙƙin shiga wuraren jama'a.

Hakimi ba baƙo ne da ake aika wa kati ana gobe taro ba. Ana zuwa fadarsa tun shiri yana ɗanye, domin ta hannunsa saƙo yake sauka ga dagatai da masu unguwanni da limamai, kuma shelar da aka yi a masallacin Juma'a ko ta bakin mai shela a kasuwa takan isa inda takardar ofis ba ta zuwa. Masarautu sun daɗe da sanin wannan sana'a: hawan sallar Kano, wanda hukumar UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya a Disambar 2024, yana tafiya ne a kan tsarin da kowane hakimi ya san matsayinsa a jerin gwano da hanyar da zai bi, kuma ƙaramar hukumar da za ta karɓi hawa tana da abin koyo a wurin dogarai game da raba dawaki da 'yan kallo. Game da saƙon shela kuwa, a faɗi wanda aka gayyata da wanda ba a gayyata ba a fili, kada a yi alkawarin abin da ba a tanada ba don kawai fili ya cika.

Ranar taro da abin da ke biyo baya

Ana gobe taro kwamiti zai taka filin da ƙafa, a tayar da janareta a gwada lasifika daga ƙarshen fili, a girgiza dandamali a ga ko zai ɗauki mutanen da za su hau shi, a ɗaure rumfuna da turaku, a ɗage wayoyin wuta daga inda ƙafa za ta bi. Jadawalin taro ya kasance da mintoci a gaban kowane jawabi, a miƙa shi ga mai gabatarwa tare da jerin sunaye da muƙaman baƙi da aka tabbatar da rubutunsu, domin kuskuren sarauta ɗaya yakan jawo gaba ta shekara. Tsarin zaman manya abu ne da jami'in karɓar baƙi guda ɗaya zai iya gamawa da takardun suna a kan kujeru. Babbar matsala ita ce jinkirin babban baƙo, inda ake jera 'yan makaranta a rana tun ƙarfe takwas ana jiran wanda ba zai iso ba sai bayan azahar, har yara su fara sumewa. Maganinta shi ne a sami mutum a cikin tawagarsa da ake magana da shi ta waya, a bar yara a inuwa sai an tabbatar ya kama hanya, a kuma amince tun farko cewa idan jinkiri ya wuce sa'a ɗaya za a fara da wanda ya wakilce shi.

Tashi daga taro ya fi shigarsa haɗari, saboda kowa yana son fita lokaci ɗaya, ga motocin manya suna kutsawa cikin masu tafiya a ƙasa, ga maroƙa da matasa suna bin su a guje. Don haka jami'an ƙofa ba sa barin wurarensu sai fili ya zama wayam, motocin baƙi kuma su fita ta hanyarsu daban. Kwashe shara aikin ƙaramar hukuma ne a Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999, saboda haka abin kunya ne a bar wa makarantar da ta ba da aron fili tarin leda washegari. Cikin mako biyu kwamiti zai zauna ya rubuta rahoto mai nuna ƙiyasin waɗanda suka halarta, da inda aka sami matsi, da waɗanda aka kai rumfar agaji, da ɗan kwangilar da ya cika alkawari da wanda ya saɓa, ya haɗa da rasit na duk abin da aka kashe, ya mayar da ragowar kuɗi baitulmali. A ajiye wannan rahoto tare da zanen fili a ofishin daraktan ma'aikata, domin shugabanni da kansiloli suna sauka idan wa'adinsu ya cika, amma ma'aikatan da za su shirya taron baɗi suna nan.